Jinina Ya Yi wa Mai Girma Rashin Kunya

Jiya na dawo Kurfi daga Dutsin-Ma da yanar idona yadda na tafi da ita. Wani Mai Girma, Laimar Talakawa, ya kawo likitoci su yi aikin ido kyauta, da sharaɗi guda: wanda jininsa ya hau ba a taɓa shi. Ni kuwa tun rasuwar matata Rabi littattafai ne abokan hirata, ga shi haruffa sun koma mini kamar tururuwa cikin kunu.

Sai na shiga shiri kamar ango. Gwaggo Hawwa'u ta ce zoɓo ba sukari. Alu mai shayi ya ce tafarnuwa. Na ci har aka riƙa ba ni fili a sahu. Na bar gishiri, na bar goro. Maƙwabcina Rabe, mai nauyin kunne, shi ma yana jiran aikin, ya ce:

"Malam, duk shirme ne. Kashe rediyo kawai."

Na kashe. Wallahi sai na ji kaina wasai.

Muka isa da sassafe, jinina kwance kamar ruwan dam ɗin Zobe. Aka ce ba awo sai Mai Girma ya iso ya buɗe taro. An kafa wa manya rumfa. Mu kuwa, tunda ba ma ganin rana, aka bar mu cikinta. Hikima ke nan. Bayan azahar ya iso, ya yi jawabi mai tsawon hanyar Barkiya, da ramukanta. Ya ce asibitocinmu yanzu har daga nesa ake zuwa kallonsu. Bai yi ƙarya ba, kallon ake zuwa.

Da layi ya zo kaina, wata nas mai suna Sakinatu ta ɗaura mini abin awo.

"Baba, ya hau. Rufe ido ka tuna wani abu mai daɗi, mu sake."

"'Yata, ai a rufe ya zo."

Na tuna Rabi tana dama fura, tana yi mini tsiya wai na auri takarda. Sai tunanin ya ƙi tsayawa nan. Ya bi ta har gadon asibiti, inda muka yi ta jiran likitan da ya tafi tarbar wani babba.

"Baba, me ka tuna? Ya ƙaru!"

Rabe kam jininsa kamar na jariri, don ko kalma ɗaya ta jawabin ba ta shiga kunnensa ba. Aka wuce da shi ciki. Ni aka ce in tari baɗi, kamar yana tana jiran kalanda.

Ina lalubar ƙofa na ji lasifika tana shelar cewa duk wanda ya halarta ya koma gida yana gani garau. Alhamdulillahi, ashe na warke. Saboda haka in kun gan ni ina shafa bango a kasuwa, kada wanda ya kama mini hannu. Ba kyau a ƙaryata manya.