Tafiyar Kaftin Ɗan'asabe Sakkwato

Wani mutum ne a Tungar Maje, Ɗan'asabe, wanda ya raɗa wa kansa Kaftin. Ko kakin ɗan sintiri bai taɓa sawa ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya koya wa soja tuƙin jirgi.

"Ni jirgin soja hannu kawai nake ɗagawa ya tsaya," in ji shi kullum a rumfar Tabawa mai tuwo, bazawarar da yake mutuwar so.

Rannan ta gaji. "Kaftin, ranar da na ga ka tashi a jirgi da idona, turo magabatanka. In ba haka ba, ka sake rumfa."

Kwatsam ambaliya ta yanke hanya, sai ga jirgin soja mai saukar ungulu ya kawo hatsi filin makaranta. Gari ya fito kallo. Ɗan'asabe ya ture malmalarsa, ya gyara hula.

"Yarana ne. Bari in leƙa Sakkwato in dawo."

Ya shige cikin masu sauke buhuna, da ido ya ɗauke ya faɗa ƙarƙashin tamfol a cikin jirgin, ya yi lamo.

Can inji ya tashi. Fat-fat-fat! Ƙugugugu! Jirgi ya hau karkarwa, Kaftin ya ƙanƙame tamfol. Ya runtse ido, ya cusa kai cikin riga, ya karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Kai, abin tausayi, har wasiyya ya bar wa tamfol.

Da ƙarar ta mutu, ya rarrafo waje jiri na ɗibarsa, ya dafa ƙasa ya yi hamdala. Ya ɗago ya ga taro dishi-dishi, nan take bakin ya dawo.

"Sakkwatawa, sannunku! Daga Tungar Maje muke. Yanzu na hango garin daga sama, mutane kamar tururuwa!"

Wani soja ya cafki wuyan rigarsa. "Kai kuma daga ina? Inji muke gwadawa, ko tashi ba mu yi ba!"

Ɗan'asabe ya murza ido. Ga makaranta, ga liman, ga akuyar maƙwabcinsa tana kallonsa. Fili ya kece da dariya, har da masu faɗuwa.

Tabawa ta matso da kwano a hannu.

"Sannu da hanya, Kaftin. Ga tuwonka, ko hucewa bai yi ba. Ci maza ka ba ni kwanona, na ƙarshe ke nan."