Ɗan Fagge a Kan Raƙumin Gansu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya ɗora ni kan raƙumi ba.

Shekara shida ina sarin takalma a Guangzhou wurin wani Basine, Laoban Wu (laoban shi ne maigida). Duk sanda muka zauna shan shayi a shagonsa na Liwan sai ya tambaye ni labarin gida, ni kuwa in baza kolina: ai mu 'yan Sahara ne, a bayan raƙumi aka yaye ni. (A Fagge aka haife ni. Raƙumin da na fi kusanta a rayuwata shi ne wanda na gani an feɗe a kwata.)

Da hutun Oktoba ya zo, ya gayyace ni yawon buɗe ido lardin Gansu, tare da matarsa da Alhaji Isuhu, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sarin fitilu. Muka hau jirgin sama a Baiyun, da muka sauka Gansu muka ɗauki hayar mota. Kwana uku muna ratsa hamada da kwazazzabai, duwatsu jajaye da rawaya kamar an jera atamfa. Ga Musulmi ko'ina, ga taliya da naman rago. Na ji daɗi ƙwarai.

Sai muka isa wani kwari mai zurfi inda ake hayar raƙuma, masu tozo bibbiyu. Laoban ya tara jama'a yana nuna ni, ya ce ga gwani daga Sahara, ni zan fara hawa su koya. Nan take aka ɗaga wayoyi.

Alhaji ya raɗa mini, "Ɗana, riƙe da kyau, da baya shika fara tashi."

Na ce, "Haba Alhaji, ni za a gaya wa?"

Ina zama raƙumin ya cilla gindinsa sama. Ban san sanda na rungume tozon gaba ba, hula ta yi nata wuri, na kwarma, "Wayyo Inna!" Duwatsun nan marasa rufin asiri suka maimaita har sau uku. Mutum mai 'ya'ya huɗu!

Da aka sauko da ni, Laoban ya tambayi Alhaji ma'anar abin da na faɗa. Na sunkuyar da kai, na san mutuncin shekara shida ya zube. Alhaji ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Haka mutanen Kano ke gaida raƙumi."

Laoban ya gyaɗa kai, ya hau nasa, yana tashi ya ɗaga hannu ya ce, "Wayyo Inna!" Matarsa ma haka. Sinawa wajen goma suka bi sahu, Alhaji ya juya baya kafaɗunsa na girgiza.

A mota na faɗa wa Laoban gaskiya. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce tun kafin in hau ya gane, don ya ga ta wutsiya na zagayo.

Tun daga ranar, in zan yi cika baki sai na zaɓi abin da babu shi a China.