Ranar da Na Ci Ɗamara a Gaban Malamai

Ba zan taɓa mantawa da horon malaman nan da aka yi mana a Garwa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani.

Ni fa da girmana na shiga boko. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na riƙe fensir. Kafin nan farfesun kayan ciki nake sayarwa a bakin mayanka, don gidanmu gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Da na zama malamar lekol, wato makarantar boko, abokan aiki suka sa mini suna "Malama Yaƙi da Jahilci" a bayan idona (sun ɗauka kunnena ma a makare ya zo). To da aka ce za a koya mana yadda malami zai jagoranci muhawarar siyasa a aji, kuma wanda ya fi iyawa za a tura shi Banyo da Mora ya horar da wasu, sai na ce wannan kujerar tawa ce. In tsaya gaban masu manyan takardu, su ma su ɗanɗana zaman benci.

Mai horar da mu wata yarinya ce daga Yawunde, sa'ar 'yata, da tabarau. Ta ce mini, "Maman, malami ba shi da ɓangare. Ki buɗe magana, ki ba kowa dama, ki kama bakinki."

Na ce, "'Yar nan, gida ɗaya na zauna da uwar mijina har ta koma ga Allah. Ni za a koya wa kama baki?"

Ranar gwaji sauran malamai suka zama ɗalibai, ni kuma malama. Yarinyar ta jingina wayarta a taga tana ɗaukar bidiyo. Sai ta ba da batu: shirin da ake ta rigima a kansa na kwashe mayanka daga cikin gari a kai bayan gari. Sana'ar gidanmu aka taɓo, amma na dake.

Misye Hamadu ne ya fara, wani siririn malami daga Bibemi mai ladabi kamar sabon suruki. Ya ce mahauta sun ƙazantar da unguwa, jini a kwata, ƙudaje har cikin masallaci. Wallahi ban ce uffan ba. Yana cikin magana sai muryarsa ta fara shigewa ciki, ya ce, "Useni, don Allah, Hajiya, na gama," ya koma can kusa da ƙofa ya zauna. Na ce a raina hujja ta ƙare masa. Sauran 'yan ɓangarensa duk wanda na nuna sai ya ce bai da abin ƙarawa. Nan da nan aji ya haɗu kan cewa mayanka ta zauna inda take. Na koma kujerata ina jin kaina, har na fara tunanin zanen da zan ɗaura zuwa Banyo.

Sai aka haska bidiyon a bango.

Jama'a, bakina a rufe yake, wannan kam ba ƙarya. Amma Misye Hamadu na ambaton ƙudaje, sai ga hannuwana sun sauke mayafi daga kafaɗa, sun murɗe shi, sun ɗaure a ƙugu tamau. Sai na ga matar nan ta bango ta zare ɗankunne ta ajiye kan tebur. Ta tuɓe takalmi ɗaya da ƙafa. Ta taka zuwa gabansa a hankali. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Garwa ya san abin da ke biyo bayan wannan. Ni kaɗai ce a ɗakin ban san na yi ba.

Yarinyar ta tsayar da hoton daidai nan, ta ce, "Maman, me ya sa kika cire ɗankunne?"

Na ce, "Zafi ake yi."

Ɗaki ya ɗauka da dariya. Wani har da faɗuwa daga benci. Misye Hamadu ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, ni fa ba ra'ayina ba ne, Madam mai horar da mu ce ta ba ni ɓangaren. Matata ma 'yar mahauta ce."

Shi aka zaɓa, mutumin da bai iya ƙarasa jimla ba. Amma kada ku ce ban je Banyo ba. Yarinyar ta roƙi in bari ta riƙa nuna bidiyon a wajen horo, ni kuma girman kai ya hana ni cewa a'a. Kwanan baya wani malami daga Mora ya tare ni a tasha, ya rusuna ya ce, "Ba ke ce Hajiyar ɗamara ba? Da ke ake fara mana darasi."

Abin da na koya shi ne, kama baki ba wuya, sauran jikin ne ba ya jin horo. Yanzu in za mu yi muhawara a aji, hijabi har ƙasa nake zumbulawa, in zauna kan hannuwana. Yaran sun ce duk da haka girata ba ta daina jefa ƙuri'a ba.