Kangon Gefen Abu Hujar

Ba zan taɓa mantawa da tafiyar da muka yi daga Madani zuwa Abu Hujar ba, ni da Alhaji Idirisu, mahaifin Nafisa. Na nemi aurenta, sai ya ce shi ba ya yanke magana sai da yardar yayansa, Baba Shu'aibu, da ke wani ƙauye can kudu. Zai kai ni ya gan ni.

Muka kama hanya a motarsa. Alhaji ba mai magana ba ne, ni kuwa shiru yana tsorata ni. Ba ni da gona, ba ni da shago, abin da na mallaka kawai shi ne karatun tarihi da nake koyarwa a makarantar sakandare. Sai na ce to bari in baje hajata.

Muna ratsa gonakin auduga na fara: waɗannan magudanan ruwa Turawa suka shata su, dubi yadda suka miƙe kamar an ja zare. (Mutumin da nake yi wa bayani ya shekara talatin yana noma a bakinsu.) A Sinnar na nuna masa duwatsun madatsar ruwa, na ɗora da sarautar Funj, daular da ta mulki yankin a zamanin da. A Mai Wurno na kawo labarin kakanninmu da suka taso daga yamma za su Makka, suka yada zango har yau. Duk abin da Alhaji yake cewa shi ne, "Tamam, ya Ustaz," wato "Daidai ne, Malam." Na kasa gane yabo ne ko gajiya, sai na ƙara wuta.

Daf da ƙauyen na hango wani kango na jan bulo, rufinsa ya rufta, da wata 'yar taga zagayayya can sama. Na roƙi Alhaji ya tsaya. Ya dube ni kamar zai yi magana, ya fasa, ya taka birki.

Wani tsoho na zaune a inuwar bangon yana gyara igiyar jaki. Na yi masa sallama a gurguje, na tuɓe takalmi (wallahi na tuɓe), na shafa bulon.

"Baba, ka san inda kake zaune kuwa? Wannan hubbaren wani waliyyi ne, tun zamanin Funj. Dubi tagar nan, alƙibla take kallo."

"Mi ka ce?"

Na maimaita da ƙarfi, har na ƙara da cewa abin takaici ne mutanenmu ba su san darajar abin da suka gada ba. Na ɗaga hannu zan karanta Fatiha.

Tsohon ya bari sai da na shafa, sannan ya ce, "Allah shi karɓa. Amma ɗakin injin niƙa na. Ni na gina shi da hannuna shekarar da aka haifi babban ɗana. Tagar ko ta hayaƙi ta." Ya leƙa bayana. "Idirisu, wanga shi na yaron?"

Ashe Baba Shu'aibu ne. Ƙasa ba ta tsage ba, duk da na roƙe ta. Ina tsaye ba takalmi, ƙaya ta soke ni, na kasa ko ɗaga ƙafa.

Kwana biyu muka yi a gidansa, ban iya haɗa ido da shi ba. Ranar komawa ya kira ni, ya ce mutumin da zai yi wa injin niƙa Fatiha ba zai wulaƙanta ɗiyar mutane ba. Ya ba ni Nafisa.

Yanzu 'ya'yanmu uku, kuma a dangin Nafisa ba wanda ya san sunana na yanka. Waliyyin Injin suke ce mini. Ni kuwa na koyi abu guda: in ka ga tsohon gini da tsohon mutum wuri ɗaya, fara tambayar mai baki.