Bakin Kogon Ja-Ƙirji

A wani daji mai yawan ɓaure, kowa na da abin faɗi a kan tsuntsun da ake kira Ja-Ƙirji. Hasbiya ta ce gemunsa kamar tsintsiya. Hankaka ya ce bakinsa ya yi wa kansa girma. Aku kuwa cewa yake marowaci ne, don in ya sassaƙa kogo a busasshen reshe, daidai jikinsa yake yanka ƙofar, ba mai iya leƙa shi.

Ƙarar da Aku ya kai majalisar tsuntsaye ke nan, daidai lokacin da matar Ja-Ƙirji ke kwance kan ƙwai.

Gauraka, shugaban majalisa, bai taɓa kwana a kogo ba. Ya gyara tukkunsa ya ce, "Gidan da manya ba sa iya shiga, akwai abin da ake ɓoyewa a ciki. A faɗaɗa ƙofar."

Ja-Ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwai nake ɓoyewa. Ku bari su fashe, ni da kaina zan faɗaɗa."

Gauraka ya ce, "An riga an zartar."

Aku ya sa baki ya ɓarke ƙofar. Manya suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, suka yaba da tsabtar ɗakin, suka tafi. Washegari Guza ya hau bishiyar, ya tarar kansa na shiga. Da kyar matar ta tsira da fikafikanta.

Ja-Ƙirji ya dira tsakiyar majalisa da ɓawon ƙwai a baki, ya tofar gaban Gauraka.

"Ga 'ya'yana. Ku leƙa, tunda leƙe kuke so. Kai Aku, matso, ai kai ne mai son zumunci. Na roƙe ku, kuka ce an zartar. To yanzu ku zartar su dawo."

Majalisa ta ce lalle a bincika. Aka kira Guza shaida, ya zo yana jan ciki da kyar, ya kwanta a rana. Aka daɗe ana muhawara kan ko tofar da abu a gaban shugaba ya saɓa wa ladabin zama. Daga bisani aka yarda cewa an yi wa wani ba daidai ba, kuma dole a nemi gafararsa a bainar jama'a.

Gauraka ya miƙe, ya sunkuyar da kai.

"Malam Guza, ka yafe mana. Mun tsayar da kai cikin rana, ga shi ko abinci bai gama faɗa maka ba."