Rasuwar Kujerar Labaran Titin Bwari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani fushi da ba shi da niyyar ɓoyewa, Thaddeus Yamusa na Dutse Alhaji, darakta kuma mai ɗaukar hoto kuma direban shirin talabijin na Labaran Titin Bwari, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kujerarsa mai zaman mutum uku. Ta cika ranar Talata da hantsi a barandar gidansa, tana da shekara goma sha tara a duniya.

Marigayiya ta shigo gidan ne cikin kayan auren matarsa Clara. Da Thaddeus ya fara shirinsa, wanda kowane mako sabon labari ne da sababbin mutane, ba shi da wurin ɗauka sai falonsa, ba shi da abin zama sai ita. An lulluɓa mata leshi ta zama kujerar attajirin Maitama. An shimfiɗa mata farin zani ta zama gadon asibiti. Ta yi ofishin 'yan sanda, ta yi ɗakin boka, sau ɗaya ma an kifa ta ta fito a motar da ta yi haɗari. Mako arba'in tana fitowa, ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa tambayar ina abincin rana ba, abin da ba za a faɗa a kan sauran 'yan wasan ba. Magana ɗaya gare ta, "ƙiiiƙ", in mai jiki ya zauna ta hagu, kuma ta fi son faɗinta ana tsakiyar kuka.

Ciwon ajalinta ya fito ne daga bakin wani Nuraddeen, mai kiran kansa masanin fim, wanda bai taɓa riƙe kyamara ba sai ta wayarsa. Wannan bawan Allah ya ci ya ƙoshi, ya rasa abin yi, ya rubuta a shafinsa: "Labari arba'in, kujera ɗaya. Attajiri da boka duk kafinta ɗaya ya yi musu aiki. Ita kaɗai ce ta iya wasa a shirin nan." Marasa aikin yi irinsa suka yi ta yaɗawa, har manajan gidan talabijin ya kira waya ya ce, "Oga Thaddeus, ka canza kujerar nan, ko mu ba wani filinka."

A nan Thaddeus ba ya wanke kansa. Kunya ta kama shi, tsoron rasa filin ya fi kunyar. Ya je wurin abokinsa Godspower, direban wani babban gida a Maitama da maigidan ya yi tafiya, ya aro farar kujerar fata. Marigayiya kuwa ya tura ta baranda ya rufa mata leda, a tsakiyar watan Agusta.

Baƙuwar ba ta tsinana komai ba. 'Yan wasa suka riƙa ɗosana mazaunai a bakinta kamar masu neman aiki, ga Godspower tsaye bayan kyamara da tsumma yana cewa, "Kar hawaye ya taɓa shi fa, oga na zai dawo." Ashe 'yan kallo kujerar suke jira. A shagon kitson Vivian, musun da ake yi duk mako shi ne me za ta zama wannan karon. Da suka neme ta sati uku ba su gani ba, suka canza tasha. Shi kuma Nuraddeen, ko kunyar idon jama'a bai ji ba, ya sake rubutawa: "Sun kori jarumar, sun bar 'yan rakiya."

Thaddeus ya ruga baranda don ya dawo da ita. Iska ta riga ta yaye ledar, soson ya sha ruwa ya yi baƙi. Ya kama gefe, Clara ta kama gefe, suna ɗagawa tsakiyar ta zube a ƙasa, ko ƙara ba ta yi ba. Kafinta ya zo ya duba, ya girgiza kai ya tafi. Da yamma saƙon manaja ya iso: an ba wani filin.

Ta rasu ta bar filo biyu, da teburin tsakiya mai ɗingishi, da labulen da ya sha fitowa a bangon kotu. Ta bar Clara, wadda tun ranar abu ɗaya take maimaitawa: "Ni dai kayan aurena ne."

Ana karɓar gaisuwa a gida, a tsaye, don Godspower ya zo ya ɗauke farar kujerarsu. Iyalin ba sa bukatar ta'aziyyar Nuraddeen, a baki ko a rubuce, kuma in ya kuskura ya zo, akwai sauran ƙafar marigayiya ɗaya mai ƙwari a bayan ƙofa.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da ƙarfe huɗu, daga baranda zuwa murhun mai ƙosan bakin layi. An zaɓi lokacin ne don shi ne lokacin da shirin ke fita. Yanzu mai maganin basir ne a filin, Thaddeus kuma ba shi da inda za shi.