Makokin Lamba Goma

Duk Bauchi babu masanin ƙwallo kamar Hammajoda mai shagon kayan babur a Miri, wanda ya raɗa wa kansa suna Lamba Goma. Gaskiya ne ba a taɓa ganin ƙafarsa a kan ƙwallo ba, amma wannan tausayi ne, ba ya son kunyata matasa.

Amininsa kuwa shi ne gwarzon ɗan wasan nan na Brazil mai kofin duniya uku. Ba su taɓa haɗuwa ba, don kowa da hidimarsa.

Ranar da rediyo ya sanar da mutuwar gwarzon, Lamba Goma ya rufe shago. Ya shimfiɗa tabarmi shida a ƙofar gida, ya jingina hoton mamacin a jikin buta, ya zauna karɓar gaisuwa. Burinsa gari ya shaida cewa shi aka yi wa rashi.

Jama'a suka cika tabarmi, domin akwai inuwa, akwai kunu.

"Tun yana buga ƙwallon tsumma na ce yaron nan zai yi nisa," in ji shi, yana share ido. An haifi Hammajoda ne bayan yaron ya yi ritaya, amma masu basira ba sa jiran haihuwa.

Jesse mai facin taya ya tambaya ko iyalan mamacin sun kira.

"Suna cikin ruɗu. Na ba su izini su binne shi, kada su jira ni."

Rana ta uku sai ga yayarsa Kubura a kan acaɓa daga Zungur, mayafi a karkace, tana salati. Ta ji ana makoki a gidan ƙaninta.

"Joda, wa muka rasa?"

"Adda, aminina ne na Brazil."

Ta dubi hoton, ta dube shi.

"Watan jiya Baffa ya rasu, wanda ya goya ka. Ka aiko cewa Zungur ta yi maka nisa. Ashe Brazil ce a bayan gidanka?"

Jesse ya miƙe, ya rusuna gabanta.

"Mama, ashe an yi rashi? Ya haƙuri?"

Ɗaya bayan ɗaya jama'a suka juya tabarmi wajen Kubura, har da tulun kunun. Aka bar Lamba Goma da amininsa, su biyu, kuma a cikinsu babu wanda ya san wani.